ZAFIN INJIN MOTA A CIKIN CUNKOSO: YADDA ZA KA GANO DALILI KA YI MAGANINSA

GABATARWA

Aikin manomi ba ya ƙarewa a bakin gona. Sai amfanin da aka girbe ya isa kasuwa da kyansa kafin a ce an ci riba, kuma mota ce ke kai shi. Tumatir da tattasai da albasar da ke tasowa daga fadamun Arewa zuwa kasuwar Mile 12 a Legas ko ta Bodija a Ibadan, da doyar da ake lodi a Zaki Biyam, duk suna bin hanyoyin da ba a raba su da cunkoso: gadar Jamata kusa da Lakwaja, mashigar Anaca, Mararraba da Nyanya a bakin Abuja, da kuma ƙofar shiga Legas ta hanyar Ibadan.

A irin waɗannan wurare ne direbobi da yawa kan gamu da abin da ke ɗaure musu kai. Mota ta yi gudun ɗaruruwan kilomitoci lafiya lau, allurar zafi na zaune a tsakiya, amma da an shiga jerin gwano ana tafiyar hawainiya sai allurar ta fara hawa. In hanya ta buɗe aka taka mai, sai ta sauko da kanta. Hasarar da ke biyo bayan wannan iri biyu ce. Kayan gwari da suka yini a rana a gefen titi ba za su yi kuɗin da aka sa rai ba. Injin da ya tafasa sau ɗaya kuwa yana iya ƙona gasket ko ya lanƙwasa kan silinda, gyaran da kan cinye ribar lodi da dama.

Manufar wannan ƙasida ita ce ta nuna maka, kai manomi mai mota ko mai ɗaukar haya, da kai malamin gona mai ba da shawara, cewa irin wannan zafi yana da ma'ana. Motar da ke sanyi a kan buɗaɗɗen titi ta yi zafi a cunkoso, galibi iska ce ta gaza mata. In ka fara bincike daga nan, sau da yawa za ka gama gyara da kuɗi kaɗan.

YADDA INJI KE SANYAYA KANSA

Man da inji ke ƙonawa ba dukkansa ke zama ƙarfin juya taya ba. Kimanin kashi ɗaya cikin uku ne ke zama aiki, wani kamarsa ya fita ta salansa, sauran kuma ya shiga jikin ƙarfen inji. Wannan kaso na ƙarshe shi ne ruwa ke kwashewa.

Famfon ruwa, wanda bel ke juyawa, yana tura ruwa ya zagaya cikin jikin inji ya ɗauko zafi. Daga nan ruwan ya bi ta tamostat, wato wata ƴar ƙofa da ke rufe yayin da inji ke da sanyi, ta buɗe idan ruwa ya kai zafin da aka rubuta a jikinta, yawanci tsakanin digiri 82 zuwa 88 na ma'aunin Salshiyas. Ruwan ya bi tiyon sama ya shiga lagireto, ya rarrabu cikin siraran bututu masu ɗauke da ƙananan ganyen ƙarfe. Iskar da ke ratsa tsakanin waɗannan ganye ita ce ke ɗauke zafin, sannan ruwan ya koma inji ta tiyon ƙasa. Yawancin injuna an ƙera su ne su yi aiki tsakanin digiri 85 zuwa 105.

Murfin lagireto ma yana da nasa aiki. Ruwa zalla yana tafasa a digiri 100 a wuraren da ke daidai da bakin teku, kamar Legas, a kan tudun Jos kuwa tun a wajen digiri 96. Murfin yana riƙe matsi a cikin tsarin, kuma ruwan da ke cikin matsi ba ya saurin tafasa. Da murfi mai lamba 0.9 ko 1.1, ruwa zai kai wajen digiri 120 bai tafasa ba.

ME YA SA SAI A CUNKOSO?

Iska tana isa lagireto ta hanya biyu. Ta farko ita ce wadda gudun mota ke turowa ta gaba. Da mota ta wuce gudun kilomita 40 zuwa 50 a awa, wannan iska kaɗai ta isa, ko da fanka ba ta aiki. Ta biyu ita ce wadda fanka ke jawowa. Idan mota ta tsaya ko tana rarrafe, iskar gudu ta ɗauke, nauyin duka ya koma kan fanka.

Ban da wannan, a cunkoso inji yana juyi a hankali, kamar zagaye 700 zuwa 900 a minti. Famfon ruwa da fankar da bel ke juyawa su ma a hankali suke tafiya. Ga zafin kwalta, ga hucin salansar motar da ke gabanka yana shiga lagiretonka kai tsaye. Don haka duk wani rauni da gudu ke rufewa, cunkoso ne ke tona shi.

Lokacin da zafin ke zuwa shi ne mabuɗin bincike. Lura da waɗannan:

1. Zafi a cunkoso kaɗai, sanyi a kan gudu: duba fanka, da gidan fanka, da ganyen lagireto.
2. Zafi a cunkoso wanda ke sauka in an ɗan taka mai mota na tsaye: duba bel, da kulocin fanka, da famfon ruwa, da yawan ruwa.
3. Zafi a kan gudu ko hawan tudu da kaya, sanyi a tsaye: bututun lagireto sun toshe ta ciki, ko tamostat ba ta buɗewa duka, ko tiyon ƙasa yana tsukewa.
4. Zafi a ko'ina, jim kaɗan da tashin mota: babu ruwa, ko tamostat ta maƙale a rufe, ko famfo ya mutu, ko gasket ya ƙone.

ABIN DA ZA KA YI NAN TAKE

Idan allura ta wuce mazauninta kana cikin cunkoso, kada ka jira ta kai ja.

1. Kashe na'urar sanyaya ɗaki idan motar na da ita, domin tana zuba nata zafin a gaban lagireto.
2. Idan na'urar ɗumama ɗaki tana aiki, buɗe ta duka ka sauke gilasai. Ita ma ƙaramin lagireto ce, tana rage wa inji zafi.
3. Idan fankar motarka ta bel ce, fitar da giya ka ɗan taka mai kaɗan, kamar zagaye 1,500 zuwa 2,000, don fanka da famfo su ƙara sauri.
4. Bar tazara tsakaninka da motar gaba.
5. Idan allura ba ta sauko ba cikin minti biyu zuwa uku, ko ka ga tururi, ko ka ji inji yana ƙara kamar ana kaɗa tsakuwa a gwangwani, sauka gefe ka kashe mota. Gara jinkirin awa ɗaya da sauke inji.

Gargaɗi: kada ka kuskura ka buɗe murfin lagireto inji na da zafi. Ruwan da ke ciki ya wuce digiri 100, da ka saki matsin zai tashi gaba ɗaya ya watso maka a fuska da hannu. Jira aƙalla minti 30, sai ka iya riƙe tiyon sama da hannu kuma ka ji ya yi laushi. Sannan ka rufa tsumma mai kauri a kan murfin, ka juya shi kaɗan har huci ya gama fita, kafin ka cire. Haka kuma kada ka kwarara ruwan sanyi a cikin inji mai zafi ko a kansa, domin ƙarfen da ya sha zafi yana iya tsagewa. Bayan ya huce, tayar da mota ka riƙa zuba ruwan kaɗan-kaɗan.

BINCIKE MATAKI-MATAKI

Yi wannan bincike a gida ko a gareji, ranar da ba ka da lodi. Fara da abin da ba ya cin kuɗi, ka bi su a jere. Ka kula da hannun riga da rawani da gefen babbar riga kusa da fanka da bel. Fankar lantarki tana iya tashi da kanta, a wasu motocin ko da an kashe inji.

Mataki na 1: Yawan ruwa

Da safe kafin a tayar da mota, buɗe murfin lagireto. Ruwa ya kamata ya kai wuya. Duba robar ajiya da ke gefe, ruwan ya kasance tsakanin layukan nan biyu. Kada ka dogara da robar kaɗai, domin tana iya cika alhali lagireto ya yi ƙasa. Idan kullum sai ka ƙara ruwa, akwai inda yake fita. Nemi farin tabo ko jan tsatsa a bakin tiyo, da gefen lagireto, da ƙarƙashin famfo. Shimfiɗa kwali a ƙarƙashin mota da dare, da safe za ka ga inda ya ɗiga.

Mataki na 2: Fuskar lagireto

Wannan ya fi shafar motar manomi. Ƙaiƙayin shinkafa da na dawa, da ƴaƴan ciyawa, da audugar rimi, da ƙwari, da ledar ruwan sha, da ƙurar hunturu suna taruwa tsakanin ganyen lagireto su zama kamar tabarma. Haska tocila ta bayan lagireto ka leƙa ta gaba. Inda haske bai ratso ba, iska ma ba ta ratsawa. A motar da ke da na'urar sanyaya ɗaki akwai wani siririn lagireto a gaban babban, kuma tsakaninsu ne datti ya fi ɓuya.

Wanke shi da ruwa mara ƙarfi ko iskar famfon falkanaiza, daga ɓangaren inji zuwa waje, wato akasin hanyar da dattin ya shigo. Ruwa mai tsananin ƙarfi yana kwantar da ganyen. Waɗanda suka lanƙwashe a miƙe su a hankali da bakin wuƙa mara kaifi. Cire duk wani ado, ko ƙarin fitila, ko allo, ko buhu da ya tare gaban mota.

Mataki na 3: Fankar lantarki

Ƙananan motoci da yawancin bas-bas na zamani suna da irin wannan. Tayar da mota a tsaye, buɗe bonet, ka zuba wa allura ido. Fanka ta kamata ta tashi da ƙarfi jim kaɗan bayan allura ta kai tsakiya, ta yi ɗan lokaci, ta tsaya. A motoci da dama, kunna na'urar sanyaya ɗaki yana tayar da ita nan take. Idan allura ta wuce tsakiya fanka na shiru, kashe mota ka bi waɗannan:

(a) Fiyus: ciro shi ka duba ko ya tsinke. Mayar da mai lamba irin tasa. Kada a ɗaura waya a madadinsa, domin haka ne mota ke kama wuta.
(b) Rile: in akwai wani mai lamba iri ɗaya a cikin akwatin, kamar na hon, musanya su ka gwada.
(c) Soket da wayoyi: duba ko sun narke, ko sun yi tsatsa, ko wayar da ke manne da jikin mota ta saki.
(d) Ita kanta fankar: a haɗa ta da batir kai tsaye na ɗan lokaci. In ba ta juya ba, ko tana juyi a kasalance, ko sai an ƙwanƙwasa ta take tashi, ta gaji, a sauya ta.
(e) Idan duk waɗannan lafiya suke, saura makunnin zafi da ke ba fanka umurni. Wannan aikin mai gyaran wayar mota ne.

Idan fankoki biyu ne, tabbatar duka suna aiki. Mota mai fanka ɗaya a raye takan jure da safe, ta gaza da tsakar rana.

Mataki na 4: Fankar bel

A-kori-kura da Kanta da manyan motoci galibi bel ne ke juya fankarsu. Inji na kashe, danna tsakiyar bel da babban yatsa. Kada ya lotsa fiye da kimanin santimita 1. Bel mai sheƙi, ko mai tsagewa, ko mai kuka idan an taka mai, yana sulɓewa ne, a ɗaure shi ko a sauya.

Da yawa daga cikin waɗannan fankoki suna da kuloci a tsakiya, mai ɗauke da wani mai mai kauri. Idan iskar da ke fitowa daga lagireto ta yi zafi, kulocin ya kama, fanka ta ja iska da ƙugi. In man ya tsiyaye, za ka ga fanka tana juyi kamar lafiya, amma ba ta jan komai. Wannan na cikin manyan dalilan zafin cunkoso da ido ba ya gani. Don gwadawa, bari inji ya yi zafi, kashe shi, ka juya fankar da hannu. Ya kamata ka ji tana turjewa. Idan ta yi ta wulwulawa kamar tayar keke, ko ka ga maiƙo da ƙura sun manne a jikin kulocin, ko tana girgiɗi, a sauya shi.

Mataki na 5: Gidan fanka da alƙiblar iska

Gidan fanka shi ne robar nan ko kwanon da ya kewaye fanka ya manne da lagireto. Wasu makanikai kan cire shi yayin gyara su ƙi mayarwa, suna ganin ado ne. Idan babu shi, fanka za ta riƙa jan iska daga gefe maimakon ta cikin lagireto. A kan gudu ba za a ga bambanci ba, sai a cunkoso. In ya fashe a gyara, in babu a nemo.

Sannan ga gwaji mai sauƙi. Fanka na aiki, kanga takarda a gaban lagireto. Idan ta manne, iska na shiga daidai. Idan ta faɗi ko an huro ta waje, fankar ba ta da ƙarfi, ko an juya wayoyinta, ko an sa ganyen da ba nata ba. Wannan yakan faru bayan an sa fanka ta hannu da aka ciro daga wata irin mota.

Mataki na 6: Murfin lagireto

Duba robar da ke ƙarƙashinsa. In ta tsage, ko ta bushe, ko sifirin ya yi laushi, matsi ba zai tsaya ba, ruwa zai tafasa da wuri ya riƙa tserewa ta robar ajiya. Sayi sabo mai lamba irin wadda aka buga a kan na asali. Murfi yana cikin mafi arahar kayan mota, amma toshe bakin lagireto da tsumma ko leda ya kashe injuna da yawa.

Mataki na 7: Famfon ruwa da tamostat

Idan an daɗe ana amfani da ruwa zalla, tsatsa kan cinye fikafikan famfo. Irin wannan famfo yana ɗan tura ruwa in inji na gudu, amma a tsaye ba ya iyawa. Cire murfi tun inji na da sanyi, tayar da mota, ka jira. Lokacin da tiyon sama ya ɗauki zafi, ya kamata ka ga ruwa yana gudana a wuyan lagireto. In yana kwance shiru, zargi famfo. Sauran alamunsa su ne ɗigar ruwa ta ƙaramar kafar da ke jikinsa, da kukan boris, da girgiɗin fuli.

Idan allura na hawa amma tiyon sama bai yi zafi ba, tamostat ce ba ta buɗe ba. Ciro ta ka rataya ta da zare cikin tukunyar ruwa a kan wuta. Ta kamata ta fara buɗewa kafin ruwan ya tafasa, ta buɗe sosai lokacin da ya tafasa, ta rufe idan ta huce. In ba ta yi haka ba, sa sabuwa mai lamba irin tata.

Duk lokacin da aka zubar da ruwa aka sake cikawa, a bar inji ya yi aiki murfi na buɗe har kumfar iska ta gama fita, ana ƙara ruwa. Iskar da ta maƙale a ciki ita kaɗai ta isa ta sa allura hawa da sauka.

Mataki na 8: Gasket

Sai ka gama da na sama kafin ka yarda a buɗe kan inji. Alamun gasket da ya ƙone su ne: kumfa tana ta fitowa a wuyan lagireto ba ta yankewa; farin hayaƙi mai kauri daga salansa ko bayan inji ya yi zafi; baƙin mai ya koma kalar shayi da madara; tiyo ya yi tauri jim kaɗan da tayar da mota; ruwa na raguwa ba a ga inda yake zuba ba. Idan an tabbatar, a kai kan silinda wurin masu injin gogewa su auna ko ya lanƙwashe kafin a sa sabon gasket. Abu mafi muhimmanci, a nemo abin da ya jawo zafin tun farko. Sau da yawa gasket ɗin ba shi ne mafarin cutar ba, zafin ne ya ƙona shi. In aka sauya shi aka bar matacciyar fanka, sabon ma zai bi sahun tsohon.

DABARUN DA KE ƘARA ƁARNA

Cire tamostat. An daɗe ana cewa tamostat ta ƙasashen sanyi ce, ba a bukatarta a Nijeriya. Wannan kuskure ne. Injin da ba shi da ita yakan daɗe bai kai zafin aikinsa ba, ya ƙara shan mai, fistin da zobba su yi saurin cinyewa. A wasu injunan kuma tamostat ce ke rufe gajeriyar hanyar da ruwa ke bi ya koma inji ba tare da ya shiga lagireto ba. In an cire ta, wani kaso na ruwan zai riƙa zagaye a cikin inji, zafin ya ƙaru. Ban da haka, cire ta ba ya ƙara wa lagireto iska ko kaɗan.

Haɗa fanka kai tsaye. Dabara ce ta fita daga daji zuwa gari, ana iya yin ta a kan hanya idan makunnin zafi ya mutu. Barin ta haka yana gajiyar da fanka da batir, kuma in an haɗa ba tare da fiyus ba akwai haɗarin gobara.

Zuba ƙwai ko garin rogo ko sabulu don toshe yoyo. Suna iya toshe ramin na kwana biyu, amma suna toshe siraran bututun lagireto ma. A kai wa mai gyaran lagireto ya liƙe shi yadda ya kamata.

Lodi fiye da ƙima. Motar da aka ɗora wa abin da ya fi ƙarfinta tana tashi da tsayawa da giya ta ɗaya sau ɗaruruwa a cikin cunkoso, kowane tashi kuma zafi ne. Haka birkin da ke kamawa da ƙarancin baƙin mai, duk suna ƙara wa inji wahala.

IRIN RUWAN DA YA DACE

Ruwan rijiya da na burtsatse a wurare da yawa suna da ƙanzo irin wanda ka gani a cikin butar shayi da ta daɗe. Shi ne ke taruwa a bututun lagireto. Ruwan rafi da na kududdufi kuwa suna shigo da laka. Abin da ya fi shi ne ruwan lagireto na kanti mai launi, wanda ke hana tsatsa, yake kuma ɗaga zafin da ruwa ke tafasa. Akwai wanda aka riga aka surka, akwai mai kauri da ake haɗawa rabi da rabi da tataccen ruwa. Karanta abin da aka rubuta a jikin galan. Idan babu tataccen ruwa, ruwan sama da aka tara cikin tsabtataccen mazubi aka tace ya fi na rijiya. Kada a gauraya iri biyu daban-daban, kuma a sauya shi bisa wa'adin da masu shi suka rubuta.

Abin lura: wannan ruwa guba ne, kuma yana da zaƙi. Ɗan kaɗan ya isa ya kashe kare ko akuya, yana kuma da haɗari ga yara. Kada a zubar da shi a tsakar gida, ko kusa da rijiya, ko inda dabbobi ke sha. Kada a ajiye shi a robar lemo.

TARAKTA DA INJUNAN DA KE AIKI A TSAYE

Tarakta ba ta samun iskar gudu ko kaɗan, balle injin casa ko na ban-ruwa mai lagireto. Kullum tamkar a cunkoso suke, fanka kaɗai suka dogara da ita. A lokacin casa da sussuka, kakkaɓe ragar gaban lagireto kowace safiya da kuma tsakar rana. Ajiye injin ta inda iska ke kaɗa ƙaiƙayi nesa da shi. Bayan aiki mai nauyi, bar shi ya yi ƴan mintoci yana juyi a hankali kafin ka kashe.

KAFIN KA KAMA HANYA

1. Duba ruwa da baƙin mai inji na da sanyi.
2. Bar mota ta yi minti 15 zuwa 20 tana aiki a tsaye, ka ga fanka ta tashi, allura ba ta wuce mazauninta ba. Wannan shi ne gwajin cunkoso a ƙofar gida.
3. Matsa kowane tiyo da hannu. Wanda ya kumbura, ko ya yi laushi kamar ɓargo, ko ya tsattsage, a sauya shi.
4. Tabbatar agogon zafi yana aiki. Tuƙa mota da mataccen agogo kamar tafiyar dare ce babu fitila.
5. Riƙe jarkar ruwa mai tsabta, da bel na ajiya, da fiyus, da rile, da kilif na tiyo, da tsumma mai kauri.
6. Tsara tafiyarka ta yadda za ka ratsa wuraren cunkoso da sanyin safiya inda hali ya yi. Inji zai huta, kayan gwari ma haka.

SAƘO GA MALAMAN GONA

Idan ƙungiyar manoma tana da mota ko tana ɗaukar haya, ka ware ɗan lokaci kafin kaka a taru da direba da yaron mota a yi waɗannan gwaje-gwaje a gaban kowa, musamman na tocila da na takarda da na barin mota a tsaye. Ka shawarci ƙungiya ta ajiye littafi a cikin mota, a riƙa rubuta ranar da aka ƙara ruwa da yawansa, da ranar da aka sauya bel ko tiyo. Ka kuma koya wa manoma su riƙa faɗa wa makanike lokacin da zafin ke zuwa: a tsaye, ko a kan gudu, ko a hawan tudu. Wannan bayani kaɗai yakan raba mai mota da sayen kayan da ba ya bukata.

KAMMALAWA

Rigakafi ya fi magani. Motar da ke zafi a cunkoso tana ba ka gargaɗi ne tun ɓarnar ba ta yi nisa ba. Fara da ruwa, ka wanke fuskar lagireto, ka tabbatar fanka tana jan iska kuma gidanta na nan, ka duba murfi, sannan ka wuce zuwa famfo da tamostat. Bar gasket ya zama na ƙarshe. Idan ka bi wannan tsari kuma zafin bai daina ba, kai motar wurin ƙwararren makanike mai na'urar gwada matsin lagireto kafin ka sake ɗora mata kaya.